Yarinyar da Ke Ɓare Ƙundu

Ranar da Tsigi ta fara faɗuwa, babu wanda ya dubi ƙafarta. Bahon hanjin da ya kife a tsakar gida shi kowa ya zuba wa ido.

"Ke wace irin yarinya ce?" Umma, matar Baffa, ta taso mata daga bakin duro, gashin kaji manne da ita har gwiwar hannu. "Baho ɗaya ma sai kin zubar? Tashi ki kwashe!"

Tsigi ta dafa ƙasa za ta tashi, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta koma ta zauna daɓas cikin ruwan. Sai da ta kama ƙafar tebur ta ja jikinta sannan ta miƙe. Silifas ɗinta ɗaya yana can baya inda ya zame, ita ba ta ma san ya fita ba. Mamanta, da ke feɗe kaji a kan teburin, ita kaɗai ta lura da wannan.

Gidan Baffa gidan gyaran kaji ne, ko da yake daga waje doguwar katanga da ƙofar ƙarfe kawai za ka gani. Kullum da safe mota ke sauke keji-keji. Baffa ya yanka a bakin magudana, manyan 'ya'yansa su tsoma a duron ruwan zafi, mata su fige su feɗe, sannan a jefa kajin cikin ƙaton baho na ruwan sanyi su sha su kumbura. Ruwan nan saye ake yi, don haka ba a canja shi sai ya koma kalar shayi. Yara kuwa aikin ƙundu ne nasu, saboda yatsunsu ƙanana ne. Tsigi, 'yar ƙanin Baffa ce, ubanta direban babbar mota ne da ba ya zaman gari, kuma duk da shekarunta tara kacal, babu wanda ya kai ta iya aikin. Ta tsaga ƙundun, ta zazzage tsakuwar ciki, ta ɓare fatar nan mai ruwan ɗorawa da ja ɗaya ba tare da ta yage ba. Baffa har alfahari yake yi da ita gaban baƙi.

Ladan yaran shi ne hantar da ta fashe da zuciyoyin da ba mai saye. Su soke su a waya, su ɗora a garwashin ƙarƙashin duro. Ba wanda ke jiran ta gasu, don kafin ta gasu Umma ta ƙwala kira. Baya ya ƙone, ciki na ɗigar jini, a jefa a baki da hannun da aka gama dama hanji da shi, a koma bakin aiki. Makonni kaɗan kafin wannan rana gudawa ta bi yaran gidan kaf, da murɗar ciki da zazzaɓi, ta Tsigi har da jini. Umma ta aika shago aka sayo ƙwayoyi, abin ya lafa, kowa ya manta.

Washegari Tsigi ta kasa hawa matakalar ɗakinsu, wadda ko jariri mai rarrafe yana hawa. Ta ce wa mamanta tururuwa na yawo a tafin ƙafarta, bayanta kuma kamar ana sara. Zuwa yamma, in an tsayar da ita sai ta zube.

Baffa ya zo da kansa. A faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa a titi. Mai fara'a ne, mai kyauta, kuma a gidansa aka ba ƙaninsa da iyalinsa ɗaki da abinci. Ya tsuguna, ya kama ƙafar yarinyar, ya ja yatsu, ya danna gaɓa, ya lanƙwasa gwiwa ya sake ta, ta faɗi yaraf.

"Na san wannan," ya ce, yana goge hannu a riga. "Shekara nawa ina ganinsa a kaji? Ƙafa ce ta yi sanyi, jiki ya rasa sinadari."

Ya aika aka kawo masa wata leda mai hoton zakara, ya ɗebi garin ciki a bakin cokali ya kaɗa a kofi, ruwan ya koma ɗorawa shar.

"Baffa," Maman Tsigi ta ce, kanta a ƙasa, "mutum ce fa."

"Na ce miki kaza ce? Magani ai magani ne, yawan ne kawai ya bambanta. Ɗago ta."

"Da dai an kai ta asibiti an duba."

Nan fara'ar ta gushe. Baffa ya dubi ƙofa, ya ja labule, ya rage murya.

"Maman Tsigi, ke ba yarinya ba ce, bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Duk yaron da ƙafarsa ta mutu farat ɗaya, in aka kai shi asibiti sai sun biyo shi gida. Da idona na gani a layin baya. Farar mota ta zo, suka nemi kashin yaron, suka leƙa banɗaki, suka leƙa ruwan sha. To su shigo nan su ga me? Mu da ba mu da takardar izini, maƙwabta kuma dama neman hanya suke saboda wari. Rana ɗaya za su garƙame ƙofar nan da kwaɗo. Mu nawa ke ci daga tsakar gidan nan, har da ke da 'yarki?"

Ya matso kusa da ita, ya ci gaba.

"Ga manajan babban otal zai zo ganin wuri ƙarshen mako. In ya yarda ya riƙa sayen kajinmu, mun haye, har takardar sai mu yi. Ki bari ya zo ya tafi. Wallahi yana fita, ni da kaina zan ɗauke ta a mota in kai ta."

Tsigi ta shanye ruwan ɗorawan tana yamutsa fuska, Baffa ya shafa kanta ya ce ta yi jarumta.

Maman Tsigi ta kira mijinta a waya. Ƙarar injin mota ta cika layin, sai ihu suke yi wa juna.

"Ba ta iya tsayuwa, Baban Tsigi! Ko kaɗan!"

"Yaya ya kira ni, ya yi mini bayani. Ya ce ya ba ta magani."

"Na kaji ne!"

"To ke kin fi shi sani ne? Ki ji, a gidansa muke. Duk abin da Yaya ya ce, shi za a yi. Kada ki ja mini abin da zai raba ni da ɗan'uwana. Ina dawowa mako mai zuwa."

Layin ya yanke, ta tsaya riƙe da wayar tana kallon bango.

Abin da aka yi a kwanakin da suka biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da yake ana shirin zuwan manaja, aiki ya ƙaru, ƙundu ya taru a baho, sauran yaran sai yaga shi suke yi. Umma ta leƙo ɗakin ta ga Tsigi a kwance tana wasa da bakin zane.

"Au, ashe hannu lafiya lau. To zaman me take yi? Ƙundu da ƙafa ake ɓare shi?"

"Umma, ba ta da lafiya."

"Kwanciyar ce ke ƙara kashe mata jiki. Ta fito ta sha iska, ta ga mutane. Kai, zo ka ɗauko ƙanwarka."

Babban ɗan Baffa ya ɗauko ta cak, ya ɗora ta a kujerarta, aka jingina bayanta da bango, aka tokare ta da buhu ta gefe don kada ta kife. Ƙafafunta na reto cikin ruwan da ke gudu zuwa magudana. Tsigi yarinya ce mai son a yabe ta, sai ta ɗauki wuƙa ta fara. Har murmushi ta yi da Baffa ya wuce ya ce, "Yawwa, 'yar gidana, kin ga magani ya fara aiki."

Maganin bai yi komai ba. Ciwon hawa yake yi daga ƙasa, kullum ya ci gaba kaɗan. Da farko gwiwa, sai cinya, sai ya zama ba ta iya juyawa a katifa sai an juya ta. Fitsari ma sai an ɗora ta a fo an riƙe ta. Wata safiya tana kan kujerar, ƙundu ya suɓuce daga hannunta, ta ɗauka ya sake suɓucewa. Ta kama wuƙar da hannu biyu, wuƙar ta zame ta faɗi ƙasa.

"Mama," ta kira a hankali, "yatsuna sun ƙi."

Maman Tsigi ta yar da kazar da ke hannunta ta rungume ta.

"Umma, ki duba! Ya kai hannu! Don Allah ki sa baki, ki yi wa Baffa magana."

Umma ta zo ta tsaya a kansu, ta daɗe tana kallon yatsun. Ita ma uwa ce, kuma na tabbata a wannan lokacin ta ji tsoro. Amma sai ta kawar da kai.

"Ni fa abin da na kasa ganewa, yaran gidan nan duk sun yi gudawar nan, nawa ma sun yi, ga su can suna tsalle. Me ya sa nata ne zai zama daban? Wannan ba daga gidan nan yake ba. Wataƙila a jininku yake, ki bincika danginku."

"Ko a jinin wa yake, asibiti nake roƙo."

"Irin wannan ciwon asibiti ba su da maganinsa, sai dai su yi ta tara miki mutane a kai suna kallo. Ki yi haƙuri, saura ƙiris. Mai da ta ɗaki, kada Baffansu ya gani hankalinsa ya rabu biyu."

Kowa a gidan yana da abin faɗa. Baffa ya ce ciwon sai ya kai ƙarshensa sannan ya juyo, haka yake yi a kaji. Babban ɗansa ya ce ya ji labarin wani da ya yi irin haka ya tashi da kansa. Baban Tsigi ya daina ɗaukar waya da rana, in ya ɗauka ya ce yana kan tuƙi. Babu wanda ya ce kada a ceci yarinyar. Kowa cewa yake a jira tukuna, kuma kowa na faɗa da taushin murya.

Ranar zuwan manaja, tun da sassafe aka wanke tsakar gida da omo har sau biyu. Aka zubar da ruwan baho aka zuba sabo fes, aka kashe garwashin da yara ke gashi, aka kora yaran zuwa gidan maƙwabta. Baffa ya raba wa mata sababbin fararen riguna na aiki da hular leda. Sai ya tsaya a ƙofar ɗakin Maman Tsigi, wanda ke fuskantar teburin aiki, ya saurara. Daga ciki ana jin numfashin yarinyar, gajere-gajere, da wani ɗan gurnani a maƙogwaro.

"A mai da ta sito," ya ce. "Na ɗan lokaci ne."

"Sito, Baffa? Inda buhunan gashin kaji suke? Ko taga babu!"

"In mutumin nan ya ji wannan, zai tambaya. In ya tambaya, me zan ce? Awa ɗaya ce, Maman Tsigi. Kin yi haƙurin kwanaki, awa ɗaya ce za ta gagare ki?"

Suka shimfiɗa tabarma a bayan buhunan, suka kwantar da ita, suka ja ƙofa. Aka tsayar da uwar a bakin tebur cikin farar riga, wuƙa a hannu.

Manajan bai zo da wuri ba. Rana ta ɗaga, kwanon rufin sito ya ɗauki zafi. Da ya iso, mutum ne mai sanyin magana da takalmi mai sheƙi, kuma ba ya gaggawa. Ya leƙa firiza, ya tsoma yatsa a ruwan baho, ya tambayi sau nawa ake canjawa. Baffa ya ce duk bayan kaji kaɗan. Maman Tsigi tana feɗe kaza amma kunnenta na sito. Ba ta jin komai daga can, kuma shirun ne ya fi tayar mata da hankali. Da Baffa ya ja baƙon zuwa wajen keji, ta ajiye wuƙa, ta ɗebi ruwa a kofi, ta zagaya.

Zafin ɗakin da warin gashi suka buge ta. Tsigi na kwance yadda aka ajiye ta, gumi ya jiƙe ta sharkaf, ƙuda na yawo a leɓenta ba ta iya kore shi ba. Idanunta ne kawai suka juyo.

"Ga ni, ga ni, 'yar albarka. Sha ruwa."

Ta ɗago kanta ta kai kofin bakinta. Ruwan ya shiga, ya dawo ta hanci. Yarinyar ta ƙware, ta buɗe baki za ta yi tari, tarin ya ƙi fita, sai wani ɗan huci kamar na kyanwa. Fuskarta ba ta ko yamutse ba, don fuskar ma ta daina motsi. Cikinta na shiga yana fita da sauri, ƙirjin kuwa da ƙyar yake ɗagawa.

"Mama..." Ta tsaya ta nemi iska. "Ba na..." Ta sake tsayawa. "...iya ja."

Maman Tsigi ba ta sake tunanin komai ba. Ta ciccibe ta ta ɗora a baya, amma hannuwan ba sa kama wuya, ƙafafun ba sa kama ƙugu, yarinyar sai sulalewa take yi. Ta tuɓe farar rigar aikin da ke jikinta ta ɗaure ta da ita tamau, ta tallafe kan da hannu ɗaya.

A bakin sito ta yi karo da Umma.

"Ina za ki? Kin haukace? Mutumin yana tsakar gida!"

"Matsa mini, Umma."

"Minti goma! Don girman Allah, minti goma, yanzu zai tafi!"

"Ba ta da minti goma. Matsa."

Umma ta kama bakin rigar. Maman Tsigi, da ba ta taɓa ɗaga wa matar nan murya ba, ta bangaje ta da kafaɗa har ta bugi bango. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, kuma hanyar ta tsakiyar tsakar gida ta bi. Ta ratsa ta gaban tebur, ta gaban baho, ta tsakanin Baffa da baƙonsa, ƙafafun yarinyar na bugun cinyoyinta.

"Subhanallahi, lafiya?" manajan ya tambaya.

"Zazzaɓi ne, ranka ya daɗe," Baffa ya ce da sauri, har da ɗan murmushi. "Yanzun nan ya kama ta. Ka san mata da ruɗewa."

Manajan ya matsa gefe don kada ta taka masa takalmi. Ita kuwa ta zare sakatar ƙofa ta fita titi, ta tsaya a tsakiyar hanya har wata tasi ta taka birki.

A asibiti ba su sa ta bin layi ba. Nas ta dubi ƙirjin yarinyar sau ɗaya ta ƙwala wa likita kira. Likitar, wata mace siririya mai tabarau, ta buga gwiwar Tsigi da ƙaramar guduma ta roba, ƙafar ko gezau.

"Yaushe ya fara?"

"Ya kusa mako."

Likitar ta ɗago ta dube ta. "Daga ƙafa ya faro yana hawa? Kafin nan ta yi gudawa?"

"Ta yi, har da jini. Amma ta warke, likita, tuni."

"Haka yake yi. Akwai ƙwayar cuta da ke shiga hanji, an fi samunta a ɗanyen naman kaji da ruwan da ya gurɓata. Jiki ya yaƙe ta, gudawa ta tsaya. A wasu yara ƙalilan sai jikin ya rikice, ya juya kan jijiyoyinsa yana yaƙarsu. Shi nake zargi, amma sai mun gwada, don shan inna ma kan zo da kama da haka. Kuna kiwon kaji? Ko ta ci naman da bai dahu ba?"

Maman Tsigi ta tuna maganar Baffa. Ta ga ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ta ga fuskar mijinta. Kafin ta haɗa amsa, nas ta ce, "Likita, leɓenta!" Leɓen Tsigi ya koma toka-toka. Suka ture uwar waje suka ja labule.

Da suka buɗe, akwai roba a bakin yarinyar da ta shige maƙogwaro, an manne ta da filasta. A ƙarshen robar akwai wata jaka mai kama da ƙaramin tulu, nas na matsa ta tana saki, ƙirjin Tsigi na ɗagawa yana sauka tare da hannun nas ɗin.

"Na'urorin numfashinmu duk akwai yara a kai," likitar ta ce. "Muna nema mata a wani asibiti. Kafin a samu, da hannu za a yi mata, kuma ma'aikatanmu ba su isa ba, sai dangi sun taimaka. Ki saurare ni da kyau. Yawancin yaran nan suna tashi, ko da za a ɗau watanni kafin su taka. Abin da ake buƙata shi ne kada numfashin ya tsaya. Tana jinki, tana ganinki, motsi ne kawai ba ta iya yi."

Nas ta koya mata. A matsa a hankali har ƙirji ya ɗaga, a saki, a ɗan jira, a sake. Kada a yi sauri, kada a tsaya, ko wa ya kira ki.

Tana cikin haka wata ma'aikaciyar lafiya mai shuɗiyar riga ta zo ta ce ita ce ke bin irin waɗannan yara gida, tana son kwatancen gidan da ɗan bayani. Nas ta ce ba yanzu ba, kada a rikita mata hannu. Matar ta ce ba komai, tana nan a teburin bakin ƙofa har a samu mai karɓarta.

Baffa ya iso da la'asar. Ya tsaya daga nesa yana kallon robar da jakar, ya cire hula ya mayar. Sannan ya matso ya sunkuya daidai kunnenta.

"Sannu. Allah ya ba ta lafiya. Abin da kika yi ɗazu na yafe, uwa ce ke. Mutumin bai gane komai ba, ya ce gobe za a kawo takardu." Ya saci kallon teburin bakin ƙofa. "Waccan ta tambaye ki gida?"

Ta matsa jakar, ta saki.

"In ta tambaya, ki ba ta kwatancen gidan yayarki. Ki ce can yarinyar take zaune. Ba ƙarya ba ce sosai, ai tana zuwa hutu. Na yi magana da mijinki, ya ce in gaya miki in kika tona mana asiri, kada ki koma masa ɗaki. Ni ban so ya faɗi haka ba. Amma ki duba, abin da ya faru ya riga ya faru. Rufe gidan ba zai tayar da ita ba."

Wannan ita ce maganar da irin su Baffa ke ajiyewa ta ƙarshe. Jiya lokaci bai yi ba, yau kuma lokaci ya wuce. Tsakanin biyun babu ranar da ta dace a ɗauki yarinya a kai ta asibiti, kuma babu ranar da za ta dace a hana sauran yaran komawa bakin garwashi gobe da safe. Ba sa duka, ba sa zagi. Lallashi suke yi, su tuna maka abincin da ka ci a gidansu, har ka ji kamar kai ne mai laifi don ɗanka ya yi ciwo a lokacin da bai dace da kasuwarsu ba.

Nas ta dawo ta tsaya tana kallon ƙirjin Tsigi, sannan ta kalli hannun uwar. Yatsun sun ƙage, suna rawa, jakar ba ta matsuwa sosai.

"Hannunki ya gaji, iskar ba ta isarta. Dole a karɓe ki. Malam, kai wane ne nata?"

"Ni... Baffanta ne."

"Madalla. Wanke hannu ka zo."

"Ai ni ban iya ba, 'yata. Ban taɓa..."

"Ita ma ɗazu ta koya. Yi sauri."

Ya wanke hannu ya zauna. Nas ta ɗora manyan yatsunsa a kan jakar, ta matsa tare da shi har ya kama yadda ake yi. "Haka. Ka kalli ƙirjinta, kada ka kalli ko'ina. In ka tsaya, ta tsaya. Ka gane?"

Ya gyaɗa kai. Ya matsa, ƙirjin yarinyar ya ɗaga. Ya saki, ya sauka. Idanun Tsigi a buɗe suke, sun tsaya cak a kan fuskarsa, kuma dole ya kalli wajen tunda nan ƙirjin yake. Gumi ya karyo masa daga ƙarƙashin hula.

Maman Tsigi ta tsaya a kansa ta ga ya yi sau da yawa daidai. Ta sunkuya ta goge wa 'yarta goshi, ta ce mata yanzu za ta dawo. Sannan ta miƙe ta nufi teburin bakin ƙofa.

"Maman Tsigi," Baffa ya kira, murya ƙasa-ƙasa. "Maman Tsigi, tsaya mu yi magana."

Ya yunƙura zai tashi, robar ta motsa a bakin yarinyar, nas ta daka masa tsawa. Ya koma ya zauna da sauri, ya matsa jakar.

Ɗakin ba shi da girma, yana jin komai. Ya ji matar mai shuɗiyar riga ta ja mata kujera. Ya ji muryar matar ƙaninsa, a fili ba rawa, tana faɗin layin, da shagon da ke kan kwana, da doguwar katanga mai ƙofar ƙarfe.

"Ku je da safe," ta ce, "lokacin da ake yanka. Akwai yara da yawa a gidan."

Baffa ya matsa, ya saki, ya jira, ya sake matsawa.